Dalar da Ta Bi Teku

Kwatano, farkon watan Yuni

Zuwa ga Kawu Isma'ila maƙeri, unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Tanti Zahra'u da yara. Yaya aiki, yaya kunnen? Na san tun da ƙarar masaba ta rage maka ji waya ba ta yi maka daɗi, shi ya sa na ba Ɗanƙarami direban kamyo, motar nan ta kaya, wannan ya kawo maka hannu da hannu. Mu nan lafiya lau. Baban Aliya yana gaishe ka, Aliya kuma ta wuce aji na gaba.

Yaya idon Inna? Da na yi waya da ita ta ce da sauƙi, amma na san mahaifiyata, ko ƙaya ta taka sai ta ce da sauƙi. Don Allah ka aiko mini takardun da likita ya ba ta, akwai mai duba ido a nan da nake so ya gani.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, an ba Baban Aliya konje, wato hutun aiki, a watan Agusta, ni ma ofishinmu na awon ƙasa sun sake ni. Mun kama ɗakuna a wani otal da ke bakin teku, can yamma wajen iyakar Togo. Ina so Inna ta zo mu tafi tare. Tun tana yarinya a Droum take jin labarin teku, ba ta taɓa ganinsa ba.

Na biyu aikinka ne. Ka ƙera mini dala biyu na azurfa, girman tsohuwar dalar nan mai kan mace da kake ajiyewa a gwangwani. A fuska ɗaya ka zana duwatsun Birni. A ɗaya fuskar ka rubuta sunan Inna, ƙarƙashinsa ka buga haruffa da lambobin da na rubuta a bayan takardar nan. Kada ka sauya ko ɗaya, in aka kuskure aikin ya ɓaci. Za mu binne su a bakin teku, gindin kwakwa, Inna da hannunta. Wanda rabonsa ne zai ɗauka ya yi gaba da su.

Sauran bayani sai na samu sukuni, Ɗanƙarami yana ƙofa yana ta matsa mini oda.

'Yarka, Nafisa


Damagaram, tsakiyar watan Yuni

Zuwa ga 'yata Nafisa.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da lafiyarku. Mu ma lafiya, sai jiran ruwa. An yi yayyafi sau ɗaya, mutanen Zermu sun yi shuka, mu a gari pampo yana nan yadda kika san shi, ya zo yau ya ɗauke gobe. Ki gaida mijinki Abdulmumin da jikata. Takardun likita ga su nan a cikin ambulan. Idon Yaya, mahaifiyarki, ba da sauƙi ba. Jiya ta yi tuntuɓe da turmi yana gefenta, ta ce ba ta gan shi ba.

Nafisa, na karanta takardarki har na gaji da karantawa, abincin rana ma ban iya ci ba. Sunan mutum, da haruffan da ba su haɗa kalma ba, a jikin azurfa, a binne a bakin ruwa, wani ya ɗauka ya yi gaba da shi. Shekaruna a maƙera sun kai in san sunan wannan aikin. An sha kawo mini irinsa ana rage murya, ban taɓa hura wa ko ɗaya wuta ba. Wa ya gaya miki haka ake raba mutum da ciwon ido? In ma ana rabawa, shi wanda zai tsinta me ya yi miki da za ki ɗora masa?

Ke da kika yi karatu har kika san tsawon ƙasa da faɗinta, ban zaci za a ja ki nan ba. Amma na san tsoro, shi ke sa mai ilimi ya bi bayan wanda bai kai shi ba. In wani abu ne ke damun gidanki, ki faɗa mini a fili. Ni ne madadin ubanki.

Ba zan ƙera ba. Maganar tafiya ma ban gaya wa Yaya ba, kuma na hana Zahra'u ta faɗa. Ba na sa 'yar'uwata a mota ta ƙetare ƙasa biyu ban san me za a sa ta yi da hannunta ba. Ki amsa mini da wuri.

Kawunki, Isma'ila


Kwatano, ƙarshen watan Yuli

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida gida. Takardarka sai shekaranjiya ta iso. Motar Ɗanƙarami ta lalace a hanya ya daɗe yana jiran kayan gyara. Ni kuma duk tsawon lokacin nan ina zaton aiki kake yi. In na kira Inna sai ta yi mini hirar kaji da damina, na ɗauka kun shirya ne ku ba ni mamaki.

Da na karanta na yi dariya har Aliya ta leƙo, daga baya kuma na yi kuka. Laifin alƙalamina ne da gaggawa. Kawu, wasa ne. Wallahi babu komai a cikinsa sai wasa.

Abokan aikina ne suka koya mini. Mutane a ƙasashe da yawa suna ɓoye 'yan akwatunan roba a kogon itace ko ƙarƙashin dutse, ba a ma binnewa, ni ce na yi kuskuren kalma. Sai su sa a anternet daidai inda akwatin yake, wayar hannu ta yi wa mai nema jagora. Akwai masu ƙera tasu dala ta musamman su saka a ciki. Wanda ya samu ba tasa ba ce. Zai duba nimeron da ke jiki, ya rubuta a anternet cewa tana hannunsa, ya ɗauki fotonta, ya kai ta wani akwatin a wani gari. Mai ita yana zaune a gida yana ganin inda ta kai. Haruffan da suka tsorata ka nimeronta ne, kamar na mota. Na so Inna ta samu abin da zai yi yawon duniya da sunanta, ita da ba ta wuce Maraɗi ba.

Yanzu ga maganar da ta fi wannan nauyi. Mai duba ido ya ga takardun. Ya ce ba yanar ido ba ce da ake cirewa. Ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi yana danne jijiya, gani yana tsukewa daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Magani yana iya jinkirta saura, kuma yana so ya gan ta da kansa. Na ce masa ko za a iya bari sai baɗi, ya ce in akwai abin da take son gani, a kai ta bana.

Kawu, in ba ka yarda da dalar ba ka bar ta. Inna dai ka sa ta a mota.

Nafisa


Damagaram, farkon watan Agusta

'Yata Nafisa,

Muna lafiya, damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Ki yafe wa tsoho. Na zarge ki da abin da ba halinki ba ne, na kuma cinye wa Yaya makonnin da ba ta da su da yawa.

Na zauna na karanta mata takardunki duka biyu, har maganar likita ban ɓoye ba. Ta saurara ta gama, sannan ta ce, "Isma'ila, ni na goye ka ko kai ka goye ni?" Na ce ke. Ta ce, "To tun yaushe ɗan goyo ke zaɓar wa mai goyo hanya?" Daga nan sai ta sa Zahra'u ta fito mata da akwati.

Duk da haka na je wurin limamin unguwa, don zuciyata ta kwanta. Na yi masa bayani yadda kika yi mini. Ya ce, "Wato mutum ya tsinci azurfa, babu mai ganinsa, bai san mai ita ba, ya ɗauke ta ya kai gaba ya ajiye wa wani?" Na ce haka aka ce. Ya daɗe yana shafa gemu, ya ce wannan ai amana ce ake wasa da ita, kuma in gaskiya ne akwai masu riƙe ta haka, to duniya ta fi yadda yake faɗa a huɗuba. Ni ma abin da ya tsaya mini ke nan. Ina ɗaure ƙofar maƙera da kwaɗo biyu, ga shi zan saki aikina a hannun mutanen da ko gaisuwa ba mu taɓa yi ba.

Azurfar ba tawa ba ce. Yaya ta cire warwaron da mahaifiyarmu ta bar mata ta ce a narka. Na ce akwai wata, ta ce wannan ta gaji da zama a hannu ɗaya. Tana zaune kusa da zuga-zugi har na zuba. Na zana duwatsun Birni da bishiyar gawo a tsakani, na buga nimero ina dubawa harafi bayan harafi. Abu ɗaya na sauya, da umarninta. Ta ce sunanta ba na yawo ba ne, a rubuta abin da ake gaya wa matafiyi. Don haka na sa, da boko da ajami: Daga Damagaram, a gaida na gaba.

Gobe da safe za ta hau kar, babbar motar fasinja, tare da Sakina matar maƙwabcinmu mai zuwa sarin atamfa. Dalolin suna ƙulle a bakin zanenta. Ki tare ta a tasha, kada ki bari ta sauko ita kaɗai, matakala ba ta ganuwa gare ta.

Kawunki


Bakin teku, watan Agusta

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna ta iso lafiya, ƙafa ta ɗan kumbura ta sabe. Likita ya gan ta ya ba da maganin ɗigawa, maganarsa ba ta sauya ba. Ina rubuta maka wannan a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, iska tana neman ƙwace mini takarda.

Mun iso otal ɗin da hantsi. Ɗakuna ne zagayayyu kamar na ƙauye, rufin ciyawa, itatuwan kwakwa sun tsaya a jere. Daga inda muka ajiye mota ba a ganin ruwa, tudun yashi ya tare. Inna ta sauko ta tsaya cik, ta karkata kai. Ta ce, "Hadari ne?" Baban Aliya ya ce, "Inna, shi ne." Ta ce, "Wa ya taɓa shi yake wannan ruri?" Ya ce haka yake tun da Allah ya yi shi.

Ba ta yarda an kai kaya ɗaki ba. Na riƙe hannu ɗaya, Aliya ta riƙe ɗaya, muka hau tudun. Ka san yanzu kamar ta cikin kara take gani, abin da ke gabanta kawai. Sai ta fara daga hagu, tana juya kai a hankali, tana neman inda ya ƙare. Ta kai dama ba ta samu ba. Ta koma ta sake. Ta ce, "Nafisa, ina gaɓar can?" Na ce sai an yi kwanaki a jirgi. Ta ce, "Ina sama ta tsaya, ina shi ya fara?" Na nuna mata, ta ce ba ta ga ɗinki ba. Daga nan ta zauna a yashi ta yi ta tasbihi, mu ma muka zauna. Ni da nake ganinsa kullum a hanyar aiki, ranar ne na gan shi.

Can ta ce a kai ta ta taɓa. Igiyar ruwa ta zo ta rufe mata idon sawu, ta koma tana janye yashin ƙarƙashin ƙafarta, ta damƙe ni ta ce ƙasa tana tafiya. Ta kamfata a tafin hannu ta kai baki kafin in hana. Ta tofar, ta tsaya, sai dariya ta kama ta har hawaye. Ta ce, "Rayuwata duka ina bin layin pampo da bidon ɗiban ruwa. Ga wanda ya tara ruwan duniya, ko kurɓi ɗaya ba ya bayarwa. Ashe rowa ma akwai babbarta." Da dariyar ta lafa ta ce, "Allah ya nuna mana yana da shi ne. Inda ya hana, ba rashi ne ya sa ba." Ta yi alwala da shi ta yi azahar a nan kan yashi.

Tun ranar ba ta shiga wurin cin abinci sai an ja ta. Masunta suna jan koma da safe, mutane da yawa a igiya ɗaya suna waƙa, ta sa aka kai ta ta kama igiyar ita ma. Matansu ba su jin Hausa, ita ba ta jin nasu, amma sun ba ta kifi sun kira ta uwa.

Jiya muka nemi akwatin. Waya ta kai mu bayan otal, wurin wani tsohon kwalekwale da aka kife. Muka yi ta dubawa ba mu gani ba. Inna ta zauna ta huta ta jingina, hannunta ya shiga wani rami a jikin katakon, ta ce, "Wannan robar ta wace ce?" A ciki akwai ɗan wuri, da maɓalli, da motar wasa. Ta kwance bakin zane ta shafa duwatsun da ka zana da yatsa, ta ce ga Birni nan kamar ta taka. Ta saka ɗaya, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ta biyun za mu ajiye a Kwatano.

Ta ce in gaya maka ta cika kwalba da ruwan, don ta san halinka, ba ka yarda sai ka ɗanɗana.

Nafisa


Kwatano, watan Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa. Takardunka sun iso, na ji idon Inna na hagu ya rufe, na dama sai haske da inuwa. Na kasa amsawa da wuri, ban san me zan rubuta ba. A ci gaba da ɗiga maganin duk da haka.

Ga foto nan a ciki. Dalar Kwatano tana nan inda muka sa ta. Ta bakin teku kuwa ta daɗe shiru har na fid da rai, na ce liman ya yi saurin yabon duniya. Ashe wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya ɗauka, bai sauka ƙasa ba sai yanzu. Mutumin Finlande ne, can ƙarshen arewa. Ya rubuta cewa ya nemi wanda ya fassara masa rubutun, kuma ya gaida na gaba kamar yadda aka umarce shi.

Ka duba da kyau. Farin filin da yake tsaye a kai ba ƙasa ba ce. Teku ne, sanyi ya daskarar da shi. Ka gaya wa Inna.

Nafisa


Damagaram, watan Maris

'Yata Nafisa,

Muna lafiya, zafi ya fara, pampo ya koma halinsa. Yaya tana cin abinci tana barci. Kada ki sa damuwa fiye da wadda ita ta sa. Zahra'u ta ɗaura mata igiya daga ɗaki zuwa bayan gida, tana bi ba mai riƙe ta. Da la'asar matan unguwa suna taruwa tana ba su labarin teku, masu gardama ta ɗiga musu na kwalba a harshe. Ni ma na ɗanɗana. Ta ce mini duhun bai zo mata fanko ba, in ta zauna shiru ruwan nan ne ke zuwa yana komawa.

Foton ya iso. Na fita da shi hasken rana na sa madubin aiki. Nafisa, dalata ce. Ga gawon, ga inda magagari ya ɗan zame mini a gefen dutse, ba wanda ya san wurin sai ni. Tana kwance a tafin wani mutum mai safar hannu kamar ta ɗaukar tukunya, gemunsa ya yi fari da ƙanƙara, bayansa jirgi ne tsaye ruwa ya kama shi. Abin da na zuba a nan ina gumi. Na zauna a bakin maƙera har gawayi ya mutu ban sani ba. Liman ya gani, ya ce a bar masa ya kwana da shi.

Wahalar ita ce gaya wa Yaya. Na ce teku ya daskare, ta ce kamar man shanu? Na ce ya fi. Kamar gishirin Bilma? Na ce kusan haka, amma da sanyi. Ta ce wanda ta gani ko ƙiftawar ido ba ya tsayawa, wa zai tsayar da shi? Na ce wanda ya sa shi tafiya. Ta girgiza kai. Na ga bakina ya gaza, sai na je shagon Nomau na sayo ƙanƙarar da ake sawa a ruwan sha, na ɗora mata a hannu, na ce ki ɗauka daga nan har Droum duk wannan ne, mutum yana tafiya a kai da takalmi, ƙarƙashinsa kifi suna yawo.

Ta riƙe da hannu biyu ba ta ajiye ba. Bakinta yana motsi. Ruwan ya bi yatsunta ya gangara har gwiwar hannu, ƙanƙarar tana ƙanƙancewa, har ta zama kamar ƙwayar gyaɗa ta ɓace. Ta shafa hannun a fuska.

Sannan ta ce, "Yaron nan da ke tsaye a kai, yana da uwa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ka sa Nafisa ta rubuta masa. A ce na gode, gaisuwa ta iso. Amma ya sauka daga kan abin nan tun rana ba ta yi zafi ba."

Na ce mata can ranar ba irin tamu ba ce. Ta ce ita dai a rubuta. Don haka ki rubuta masa, yadda ta faɗa, kada ki gyara.

Kawunki, Isma'ila maƙeri